Jannatu Ta Fito Fara

Duk wanda ya taɓa bi ta bakin makarantar 'yan mata ta unguwarsu a Gadarif da hantsi ya san Hajja Mairo, in bai san sunanta ba to ya san muryarta. Kullum tana zaune ƙarƙashin rumfar kara, da manyan robobi biyu a gabanta, ɗaya ta godo-godo, wato kunun geron nan mai kauri, ɗaya ta nono, ga ludayi a hannu tana nuna mutane da shi. Hajja ake ce mata, amma ba ta taɓa taka Makka ba, a ƙasar nan kowace tsohuwa Hajja ce. Kakanta ne ya taso daga wajen Haɗeja da ƙafa da niyyar sauke farali, ya iso bakin kogin Rahad ya ce bari ya yi noman damina ɗaya ya sami guzuri. Noman da yake yi ke nan har aka binne shi a Hawata. Can aka haifi Mairo, can aka yi mata tsagar nan bibbiyu a kowane kunci, can kuma ta auri Lado.

Shekara ashirin da wani abu ta yi tana bin Lado gonakin Fashaga yankan riɗi. Wanda bai san aikin nan ba ya ɗauka wasa ne. Riɗi ba ya jiran kowa, da ya nuna in aka yi sakaci kwana kaɗan sai kwansonsa ya tsage, ya zubar da 'ya'yansa cikin tsagewar baƙar ƙasa, mai gona ya tashi da kara zalla. Sai an yanke shi da sauransa, a ɗaure dami-dami, a jingina su tsaye su bushe, sannan a kifa a kakkaɓe a kan shimfiɗa. Mairo tana yanka kamar namiji, tana dafa wa 'yan aiki, tana goyo. Da Lado ya rasu, gwiwa kuma ta fara ƙi, ta dawo cikin gari wurin ɗanta Usumanu ta kafa rumfa. Shi Usumanu ya gaji laujen ubansa, rabin shekara yana gona shi da matarsa, don haka 'yarsu Tibyan a hannun kakarta ta tashi.

Baki kuwa, Allah ya ba Mairo. Direban raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya watsa mata laka da damina, sai da ya sauko ya wanke mata roba. Larabcinta ya fi na masu yi mata kallon baƙuwa kaifi, in ta ga dama ta zage ka da shi ta rufe da Hausa. Ba a taɓa jin wanda ya kashe mata baki ba, sai jikarta, yarinya 'yar shekara tara.

Wata rana ta dawo gida da azahar ta tarar da Tibyan a bayan ɗaki, ta tsuguna, tana dirzar hannunta da ɓarin lemon tsami da toka. Fatar har ta yi ja ta fara tashi.

"Ke! Innalillahi! Me kike yi haka? Tukunya ce?"

Yarinyar ta ɓoye hannu a baya. Da Mairo ta fizgo shi sai ga wani ɗan ƙullin leda ya faɗo daga cikin rigarta, da farin mai a ciki, irin wanda ake auna wa mata da cokali a kasuwa don fata ta yi haske. Wata 'yar ajinsu ce ta ɗebo mata daga na yayarta. Mairo ta jefa shi cikin murhu, ta ɗaga hannu za ta kai mari, sai ta ga idon yarinyar ko ɗar babu. Hannun ya sauko da kansa.

"Habboba," in ji Tibyan, don haka take kiran kakarta yadda 'yan garin ke yi, "zarga suke ce mini, wai baƙa."

"To sai me? Ni ma zarga ce. Ubanki baƙi ne, kakanki Lado ya fi ni baƙi, kuma duk Fashaga ba a yi kyakkyawa irinsa ba."

Tibyan ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wasu littattafan labarai masu hotuna guda uku da ƙawarta ta ara mata, ta ajiye a cinyar kakarta.

"Nuna mini ni."

Mairo ba ta iya karatu ba, amma ai hoto ba ya son malami. Ta lashi yatsa ta yi ta buɗawa. Ga yarinya mai gashi har baya tana ba tsuntsu abinci, ga wata tana hawan doki, ga wata ta kuɓutar da ƙanenta daga kogi, dukansu farare kamar an wanke su da nono. Can wajen ƙarshen na uku ta ci karo da baƙar mace ɗaya tak, a gefen shafi, da tulu a ka, an zana mata leɓe kamar faifai, kuma ko suna ba a ba ta ba.

"Ga ta nan," in ji Tibyan. "Ita ce mu."

Mairo ta rufe littafin. Ta ce littafi ai ƙarya ce, mutum ne ya zauna ya zana. Tibyan ta ce to me ya sa ko a ƙaryar ba a sa su ba? Daga ranar tsoro ya shiga Mairo, tsoron da ba ta ji ba ko ranar da kura ta zagaya bukkarsu a Fashaga. Ta ga matan da man nan ya cinye wa fuska, ta ga kumatun da suka ƙone suka yi dabbare-dabbare. Ta san in yarinyar nan ta girma da ƙin fatarta, ba murhun da zai ƙone dukan ledojin da ke kasuwa.

Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke a Khartum, mutane suka yi ta kwararowa Gadarif a manyan motoci, da katifu da tsofaffi da jarirai. Aka rufe karatu, aka zuba su a makarantu. Ita ma makarantar da ke bayan rumfar Mairo ta cika, kowane aji iyali huɗu ko biyar, an raba da zannuwa. Cikinsu akwai wata mace doguwa mai tabarau, shekarunta za su kai arba'in da biyar, sunanta Raniya, malamar zane ce daga Omdurman. Ba miji, ba ɗa, sai tsohuwar uwarta mai ciwon suga da jaka ɗaya. Kwana uku Mairo tana ganinta tana wucewa ta gaban rumfa, ta kalli robar godo-godo ta kau da kai, ta gyara mayafi ta wuce da sauri kamar mai uzuri.

A rana ta huɗu Mairo ta daka mata tsawa. "Ke mai gilashi! Zo ki ɗanɗana mini wannan, harshena ya mutu yau, ban san ko suga ya ji ba."

Raniya ta zo ta ɗanɗana ta ce ya ji. Mairo ta ce cokali ɗaya ba ya gaya wa mutum gaskiya, ta cika mata kofi. Ta kuma cika wani marar suga ta ce a kai wa tsohuwa ita ma ta faɗi ra'ayinta. Harshen Mairo bai sake warkewa ba, kullum da hantsi sai an nemi Ustaza Raniya ta zo ta ɗanɗana. Su duka biyun sun san abin da ake ciki, ba wadda ta taɓa faɗi.

Haka abota ta ƙullu, ba da wani babban abu ba. Mairo ta kai musu gadon igiya da ke jingine a gidanta, don tsohuwa ta daina kwana a kan siminti. In ta sayi gawayi ta raba biyu. Raniya kuma ita ke karanta mata saƙon Usumanu a waya, ita ke ɗiga mata maganin ido don hannun Mairo rawa yake yi, rabi a kunci yake ƙarewa. Ita ta zana mata kofi da ludayi a jikin kwali ta rataya a rumfa, Mairo ta yi ta mita wai an mayar da ita kanti, amma da iska ta ɗauke kwalin har bakin kwata ta bi shi. Da la'asar sukan haɗa jabana, gahawar nan mai citta, su zauna suna gulmar duniya da Larabci. Ranar da Raniya ta sa yatsa ta shafi tsagar kuncin Mairo ta ce kakarta ma tana da irinta, uku-uku, Mairo ta ji ta kamar 'yar cikinta.

Yaran da ke makarantar kuwa sun addabi kowa, ba karatu, ba wurin wasa, da an bugi ƙofa da ƙarfi sai wasu su shige ƙarƙashin benci. Raniya ta roƙi Mairo ta riƙa yi musu tatsuniya. Mairo ta zaro ido.

"Da rana tsaka? A'a, Ustaza. Mu a wurinmu ba a tatsuniya da rana."

"Da magariba ai kin tafi gida, Hajja, su kuma an kulle ƙofa."

Mairo ta kalli yaran, ta ce Allah ya yafe mata, ta fara. Ba ta yi musu na gado ba. Ta ƙirƙiro tata, kuma ba don su ta ƙirƙira ba, don Tibyan ce da ke zaune can baya ta rufe hannayenta da mayafi kada rana ta taɓa. Labarin wata yarinya ce Jannatu, baƙa wuluk mai sheƙi, mai kitso shida da wushirya. Manyan garinsu duk zazzaɓi ya kwantar da su daidai lokacin da riɗi ya nuna. Jannatu ce ta kasa kunne ta ji kwanso na farko ya yi ƙas, ta tattara yaran gari, ta koya musu riƙon lauje, ta roƙi iska ta dakata mata kwana uku, suka yanke gonakin kaf kafin ƙwaya ta zube. Kullum Mairo sai ta ƙara wani abu, yau Jannatu ta yi wa kura wayo, gobe ta yi ciniki da hadari. Kuma ko sau ɗaya ba ta mance ta faɗi kalar yarinyar ba.

Raniya tana gefe da takarda a cinya. Sai da aka yi kwana biyar ta nuna wa Mairo abin da take yi. Ya salam! Ga Jannatu nan sak, da goshinta, da kitsonta, da hasken rana yana sauka a kan baƙin kuncinta. Mairo ta riƙe takardar, nan ta kwashe labarin lemon tsami da ƙullin leda ta gaya wa ƙawarta, abin da ba ta gaya wa ko Usumanu ba.

Raniya ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Hajja, shekara ashirin ina koya wa yara zane. A kwalin fensirin kala akwai wani mai ruwan hoda-hoda da muke ce wa kalar fata. Ni da bakina nake cewa su ɗauki kalar fata, alhali ba yaro ɗaya a ajin da fatarsa take haka, har ni. Ban taɓa jin kunyar abin ba sai yau." Ta mayar da tabarau. "Za mu yi mata littafi. Na gaske, mai shafi, kowane yaro a nan ya sami nasa."

Kwalin kalar da ta tsira da shi fensir goma sha biyu ne, mai ruwan ƙasa ɗaya ne tak a ciki. Shafi goma sha shida ta zana, kowane shafi da Jannatu, ga iyayenta, ga yaran gari. Fensirin nan ya yi ta gajarta har ya koma kamar gaɓar yatsa, sai da ta ɗaura shi a jikin tsinke. Aka zaga kasuwa ba a sami irinsa ba, kayan makaranta sun yanke tun da aka rufe makarantu. Ta koma haɗawa da baƙi tana murzawa da auduga.

Tibyan fa? Da farko daga nesa take leƙe. Sannan ta matso. Ranar da ake zana shafin da Jannatu ta ɗaga lauje, ta tsaya a kafaɗar Raniya har aka gama, ta ce a hankali, "Goshinta irin nawa ne." Raniya ta ce ai ita ta kalla ta zana. Yarinyar ta ruga da gudu don kunya. A makon nan Mairo ta ga ta fita wasa tsakar rana ba mayafi a hannu, ta kuma ce a yi mata kitso shida. Mairo ta yi kitson tana danne kuka, don ba ta son yarinyar ta gane akwai abin da ake jira daga gare ta.

Aka gaya wa yara ranar Alhamis kowa zai karɓi littafinsa, su arba'in da biyu. Ranar Litinin Mairo ta rufe robobinta da wuri, abin da ba ta yi ko ranar Idi, suka hau raksha zuwa kasuwa wurin Yasir mai injin kwafi. Shagonsa ɗan tsukut ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da igiya, cike da masu neman kwafin takardun shaida. Mutumin kirki ne, ya san Mairo tun yana yaro yana shan godo-godonta. Da ya ji na yaran da aka raba da gidajensu ne ya ce takarda daga wurinsa. Injin mai kala ya daɗe da mutuwa, sai mai baƙi da fari. Raniya ta ce ba komai, ai Jannatu baƙa ce.

Ya kifa shafin farko, haske ya wuce, takarda ta fito da ɗuminta. Mairo ta riga kowa kai hannu.

Gonar ta fito. Lauje ya fito, dami ya fito, har tsuntsun da ke sama. Amma inda fuskar Jannatu take, baƙin dunƙule ne kawai, kamar an manna gawayi. Ba goshi, ba hanci, ba wushirya. Sai ɗigo biyu farare a wurin ido.

"Kai, Yasir! Me ka yi mata?"

"Ba ni ba ne, Hajja, inji ne. Bai san tsaka-tsaki ba, ya tsufa. Abu in ya yi duhu sai ya shanye shi duka."

Ya rage ƙarfin tawada ya sake. Wannan karon gonar ta ɓace, rubutun ya dushe, fuskar kuma ta fito toka-toka da zane-zane kamar mai ƙyanda. Ya sake, ya sake. Mutanen da ke layi suka fara tsaki. Wani saurayi ya leƙo ya ga na farkon ya kece da dariya ya ce aljani ne? Mairo ta juya za ta wanke shi tas, sai ta tuna yara arba'in da biyu ne za su riƙe wannan takarda, kuma Tibyan tana cikinsu. Ta ƙyale shi.

Yasir ya sauke murya. "Ustaza, gaskiya zan gaya miki. Garin tawadar da ya rage mini kaɗan ne, kuma ba ya shigowa yanzu. Baƙin nan mai yawa in na buga shi sau arba'in, kafin shafi na biyar ya ƙare, mutanen nan kuma takardunsu na tafiya suke jira. Ki yi yadda kowa ke yi. Ki zana layin fuska kawai ki bar cikin fari. Tas zai fito, ido da baki da komai."

Suka zaga wasu shaguna biyu. Ɗaya ba wuta, ɗaya injinsa ya fi na Yasir muni. Suka dawo rumfa. Raniya ce ta fara magana.

"Hajja, ke za ki yanke. In kin ce a fasa, a fasa."

A fasa a ce wa yaran me? Su da aka kwashe wata ana yi musu alkawari, waɗanda ba abin da suka mallaka sai rigar jikinsu? A buga dunƙulen gawayin kuma, a miƙa wa masu ce wa Tibyan zarga abin tsokana da hannunta? Mairo ta juya abin ta kowace fuska, ba ta ga wanda za ta zaga ba. Yasir bai yi laifi ba, Raniya ba ta yi ba, inji kuma ba ya jin zagi. Wannan ne ya fi ci mata rai.

"Zana layin," in ji ta. "Ma shafa musu kala daga baya."

Kwana biyu Raniya ta yi tana ɗora farar takarda a kan kowane zane a jikin gilashin taga, tana bin layi. Goshin yana nan, kitso shida yana nan, wushirya tana nan. Kalar ce kawai aka bari a baya. Ranar Alhamis aka raba, an ɗinke kowane da zare a tsakiya. Yara suka yi ta tsalle, iyaye suka yi ta sa albarka, wata uwa ta rungume Mairo tana kuka ta ce ɗanta bai yi dariya ba tun da suka baro gida sai yau. Maganar shafa kala kuwa ba ta taso ba, da me za a shafa? Guntun fensir ɗaya ba zai yi littafi arba'in ba. Tibyan ta karɓi nata ta rungume a ƙirji ta tafi gida.

Ba a daɗe ba ciwon tsohuwar Raniya ya tashi, wani ɗan'uwansu ya aiko su same shi a Kasala inda ya ce akwai likitan da ya sani. Da safe Mairo ta raka su tasha da ƙullin gyaɗa da gorar godo-godo marar suga. Raniya ta miƙa mata wata leda. Zanen asali ne duka goma sha shida, masu kala, da guntun fensirin nan a jikin tsinkensa.

"Wannan zai isa littafi ɗaya in an lallaɓa," in ji ta. "Ki shafa wa na Tibyan. A hankali, kada ki danna, ki bi da auduga."

"Wa zai riƙa ɗanɗana mini godo-godo?" in ji Mairo. Sai duk suka fashe da kuka a gaban 'yan kamasho.

Da la'asar ranar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Tibyan ta fita ɗebo ruwa, littafin yana ƙarƙashin matashinta, har ya fara laushi don buɗawa. Mairo ta ɗauko, ta buɗe shafin lauje, ta ajiye na asalin a gefe don ta kwaikwaya. Matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ga ido ba ƙarfi, ga hannu na rawa. Ta yi bismilla ta fara daga goshi. Ta kai rabin kunci ke nan ta ji an yar da bokiti.

"Habboba! Me kike yi? Kada ki ɓata mini ita!"

Tibyan ta fizge littafin har zaren ya yi ƙara. Ta duba shafin, ta sa bakin mayafi tana gogewa, tana kuka.

"Ba ɓatawa nake ba, 'yar nan. Kalarta nake mayar mata. Duba, ga ta nan yadda Ustaza ta yi ta, ba ke kika ce goshinta irin naki ba?"

Yarinyar ko kallon na asalin ba ta yi ba. "Wannan ai na gwaji ne. Da aka kai inda ake yin littafi na gaske, ba ga shi sun gyara ta ba?" Ta ja hanci, ta shafa shafin da tafin hannu. "Goshinta irin nawa, kitsonta irin nawa. Haka zan zama in na yi fari. Kin ga yadda ta yi kyau?"

Mairo ta buɗe baki. Ta so ta yi bayanin inji, da garin tawada, da layin mutanen da ke tsaki, amma ta ji yadda abin zai fito: injin ma bai iya fuska irin tamu ba. Ta rufe bakin. Tibyan ta shige ɗaki da littafinta, ta bar ta zaune da guntun fensir a hannu, ruwan bokiti yana bin ƙasa yana jiƙa gefen tabarma.

Har yau Hajja Mairo tana nan a rumfarta. An buɗe makarantar, kwalin mai kofi da ludayi ya koɗe amma yana rataye. Zanen goma sha shida suna cikin akwatinta, ƙarƙashin yadin da ta ajiye na likkafani, takan fito da su ta shimfiɗa a kan gado wai tana shanyawa, ko Allah zai sa yarinyar ta tsaya ta kalla. Wani lokaci takan kalla, wani lokaci ta wuce. Ranar Juma'ar da ta gabata, wajen wanki, Mairo ta sake tsintar ƙullin leda a aljihun rigar makaranta. Ta jefa a murhu, ba ta ko yi faɗa ba.

Raniya takan kira daga Kasala in layi ya yi kyau. A kiran farko, bayan an gaisa an tambayi jikin tsohuwa, ta ce, "Hajja, ya Tibyan da littafinta? Ta so shi?"

Mairo ta kalli ƙofar ɗaki. Ta tuna matar nan tsaye kwana biyu a jikin taga, da yatsunta da suka kumbura wajen murza auduga.

"Ta so shi ƙwarai, Ustaza," in ji ta. "Da shi take kwana."